Taswirar da ta raba mana gardama: abin da na gani a Opportunity Atlas

Musu ne ya kai ni wannan shafi. Ni da wani abokina muna ta jayayya kan abin da ya sa baƙaƙen fatar Amurka suke baya a kuɗi da karatu, shi yana cewa ai lalaci ne kawai, ƙasar da kowa ke rububin shiga ka zauna a cikinta ka ce wai an hana ka ci gaba, ni kuma ina cewa ba haka ba ne amma gaskiya ba ni da hujja a hannu sai ɗaga murya. Da abin ya yi zafi wani na gefe ya ce mu daina ɓata yawun bakinmu, akwai taswira a intanet mai suna Opportunity Atlas, mu je mu duba. To yau sati uku kenan kusan kullum sai na leƙa, shi ne na ce bari in rubuta yadda na same ta, da abin da ta iya da wanda ba ta iya ba, ko wani zai amfana.

Kyauta ce, ba rajista ba komai, ka buɗe kawai. Hukumar ƙidaya ta Amurka ce ta haɗa kai da wata cibiyar bincike ta jami'ar Harvard da ake kira Opportunity Insights, wadda masanin tattalin arziki Raj Chetty ke jagoranta tare da John Friedman da Nathaniel Hendren, suka fitar da ita a 2018. Abin da suka yi shi ne suka ɗauki mutum wajen miliyan 20 da aka haifa tsakanin 1978 da 1983, suka bi sawunsu ta takardun haraji da na ƙidaya tun suna yara har suka kai shekara talatin da wani abu, sannan suka mayar da kowa unguwar da ya tashi. Nan ne dabarar take fa, a kula. Ba wai taswirar masu kuɗi da talakawan da ke zaune a unguwa yanzu ba ce, wannan kam kowa zai iya zanawa. Tambayar ita ce, yaran da suka girma a wannan layin, yau me suka zama, ko da sun ƙaura zuwa wata jiha. An yanka ƙasar gunduwa-gunduwa sama da 70,000, kowace gunduwa mutum dubu huɗu da 'yan kai.

Yadda ake amfani da ita ba wuya. Ka rubuta sunan gari, ka zuƙo, sai ka zaɓi abin da kake so ka gani: kuɗin shigar gida, ko yawan waɗanda suke gidan yari, ko haihuwa da ƙuruciya, ko gama jami'a, ko aure. Sai ka zaɓi irin yaran, iyayensu talakawa ne ko matsakaita ko masu hali, maza ko mata, farare ko baƙaƙe ko 'yan asalin Latin Amurka ko 'yan Asiya ko 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Ja na nufin abin ya yi muni, shuɗi na nufin an samu sauƙi. Farkon buɗewa za ka ga kudu maso gabashin ƙasar ya yi jajawur kamar an zuba jini, wato daidai yankin da aka fi bautar da bayi a gonakin auduga, tsakiyar ƙasar can sama kuma shuɗi shar.

Wurin da ya fara tsayar da ni Los Angeles ne. Akwai unguwa Watts, a wani yanki nata, cikin baƙaƙen maza da suka tashi a gidajen da suka fi kowa talauci, kashi 44 cikin ɗari suna tsare a ranar da aka yi ƙidayar 2010. A rana ɗaya fa, ba wai a tsawon rayuwa ba. Ka sauko kudu mil 2.3 kacal zuwa tsakiyar Compton, irin waɗannan yaran dai, launi ɗaya, aljihun iyaye ɗaya, kashi 6.2 ne. Na tura wa mutumina hoton na ce malam, in lalaci ne a jini yake, to yaya aka yi jinin ya canja a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba? Bai ba ni amsa ba sai can da dare, ya dawo da wata sabuwa, wai to ashe talauci ne da unguwa, ba ruwan launin fata.

Wannan ma ni kaina haka na ɗauka da farko, kuma a nan ne taswirar ta fi burge ni don ta ƙaryata ni ma. Ka bar unguwa ɗaya, ka bar kuɗin iyaye ɗaya, ka canja launi kawai, sai ka ga kalar ta juye a gabanka. Binciken da waɗannan mutanen suka fitar kan wannan bayanan ya nuna cewa a kashi 99 cikin ɗari na unguwannin Amurka, yaro baƙi namiji yana tashi ya samu ƙasa da abin da farin yaro ke samu, ko da iyayensu albashinsu ɗaya. In an raba gidaje kashi biyar bisa samunsu, yaron da aka haifa a kason can ƙasa, wato mafi talauci, damar da yake da ita ya haye kason sama kashi 10.6 ce in fari ne, 7.1 in ɗan Latin Amurka ne, 3.3 in ɗan asalin ƙasa ne, 2.5 in baƙi ne. Abin da ya fi ɗaure min kai ma ba hawan ba ne, faɗowar ce. Baƙin yaron da aka haifa a gidan masu kuɗi, yiwuwar ya rikito har ƙasa kusan daidai take da yiwuwar ya zauna a saman. Farin yaro in an haife shi a sama, akwai abin da ke riƙe shi. Baƙi kuwa kamar a kan tsani mai santsi yake.

Sai kuma ka latsa mata, lissafin ya sake rikicewa. Baƙar mace da farar mace da suka fito daga gidaje masu samu iri ɗaya, abin da kowace ke samu da guminta kusan ɗaya ne, har baƙar takan ɗan ɗara kaɗan. To in ƙwaƙwalwa ce ko gado na jini kamar yadda wasu ke raɗawa, ai wa da ƙanwa ciki ɗaya suka fito, me ya sa giɓin ya tsaya kan maza? Kashi 21 na baƙaƙen maza da suka tashi a gidaje mafi talauci suna tsare a rana guda, na farare kashi 6. Mutumin da aka kulle yana ɗan ashirin da biyu, ya fito da tabon kotu a takardarsa, aiki da aure da tara abin duniya duk sun sha ruwa.

Yanzu ga inda na ga gazawarta, kuma ita ce babba a wajena. Taswirar tana nuna maka ina ne, ba ta gaya maka me ya sa. Za ta iya ɗora maka yawan talauci a unguwa, da kuɗin haya, da gidajen da uwa ko uba ɗaya ke riƙe da su, ka kwatanta, amma tarihi babu. Wanda ya shigo da mugun zato zai iya kallon jan nan ya ce kun gani ko, unguwar baƙaƙe ce shi ya sa. Dole sai na haɗa da wani shafin, Mapping Inequality, na jami'ar Richmond, shi ma kyauta, kuma shawarata kada wanda ya buɗe ɗaya bai buɗe ɗayan a gefe ba.

Shi wannan na biyun tsofaffin taswirori ne na gwamnati. A 1933 lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnatin Roosevelt ta kafa hukuma mai suna HOLC don ceto masu bashin gida, daga baya hukumar ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni gida huɗu: kore mafi kyau, shuɗi ba laifi, rawaya yana lalacewa, ja kuma haɗari. Abin da ake kira jan layi kenan. Kuma an sa har takardun da jami'an suka cike, ka latsa unguwa ka karanta da idonka yadda suke rubuta cewa baƙaƙe ko waɗanda suka zo daga wasu ƙasashe sun fara shigowa, don haka daraja ta faɗi. Ba a ɓoye ba, a fom na gwamnati. Na ɗauki Chicago da Detroit da Baltimore na jera tsohuwar taswira da sabuwa, wallahi wurare da dama kamar an ɗora takarda an kwafa, jan 1930 da wani abu shi ne jan yau. Sai dai in yi adalci, masana tarihi suna gardama kan ko taswirorin HOLC ɗin ne da kansu suka yi ɓarnar, don akasarin bashin da hukumar ta bayar ta ba da shi ne kafin a zana su, kuma baƙaƙe ma sun samu. Da yawa sun fi ɗora laifin kan hukumar gidaje ta tarayya, FHA, da aka kafa a 1934, wadda ke tsaya wa bankuna inshorar bashin sayen gida, ita ce ta ƙi tsayawa a unguwannin baƙaƙe, ta zuba ƙarfinta a sababbin unguwannin bayan gari na farare zalla. Irin su Levittown a New York, a cikin takardar gidan ma an rubuta ba a yarda wanda ba fari ba ya zauna. Kotun ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, amma dokar da ta haramta wariya a sayar da gida da haya sai 1968 ta zo. Shekara talatin da huɗu ana rabon gidaje da bashi mai sauƙi, wasu na tsaye a waje suna kallo.

Kuma ba nan aka fara ba. Bauta ta ɗauki daga 1619 zuwa 1865, aka 'yanta mutum kusan miliyan 4 hannu rabbana. Janar Sherman ya ba da umarni a Janairun 1865 a raba wa 'yantattun bayi filaye eka 40-40 a gaɓar kudu, kafin shekara ta ƙare shugaba Andrew Johnson ya soke, aka mayar wa tsofaffin iyayen gijin. A daidai wannan zamanin dokar raba filaye ta 1862 tana ba mutane eka 160 kusan kyauta a yamma, jimilla eka miliyan 270, kuma kusan duk farare ne suka kwashe, filayen ma na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora. Bankin da aka buɗe wa 'yantattun bayi su yi ajiya ya rushe a 1874 da kuɗin mutum sama da 60,000. Inda suka yi ƙoƙari suka gina kasuwarsu da kansu, kamar Greenwood a Tulsa, aka ƙone ta ƙurmus a 1921. Dokar fansho ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da 'yan aikin gida, aikin da mafi yawan baƙaƙe ke yi a lokacin. Dokar tallafa wa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, ta 1944, a takarda ba ta ware kowa ba, amma an bar rabon a hannun jami'an jihohi da bankunan gari, a Mississippi a 1947 cikin bashi sama da 3,000 da aka tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu ne kacal suka je hannun baƙaƙe.

Duk wannan yana kai mu ga abu na biyu da Opportunity Atlas ba ta da shi, wato dukiya. Tana auna abin da ke shigowa a shekara, ba ta auna abin da aka tara. Kuma albashi daban dukiya daban, albashi ruwan famfo ne, dukiya kuwa rijiya ce a tsakar gida. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna in ka jera gidaje ka ɗauki na tsakiya, na farare dukiyarsa dala 285,000, na 'yan Latin Amurka 61,600, na baƙaƙe 44,900. Sama da ninki shida, alhali giɓin albashi bai kai ninki biyu ba. Dalili kuwa yawancin dukiyar talakan Amurka gidansa ne, farare sama da kashi 70 suna zaune a gidan kansu, baƙaƙe ba su kai rabi ba. Kakan da ya sayi gida da bashi mai sauƙi a 1950, gidan ya yi ta tsada, da shi aka biya wa ɗa kuɗin jami'a, aka ba jika kuɗin kafin alƙalami na nasa gidan, in aka kori jikan daga aiki akwai inda zai jingina wata shida. Shi kuwa wancan da albashinsu ɗaya, shi ne na farko a danginsu da ya samu, kowa shi yake kallo, rashin lafiya ɗaya ta isa ta mayar da shi inda ya fito. Ina ganin amsar faɗowar nan da ta ɗaure min kai tana nan, amma ba a taswirar na same ta ba, sai da na fita waje.

Makaranta ma gidan take bi. Kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga ƙananan hukumomi yake fitowa, akasari harajin gidaje, kuma yaro makarantar unguwarsu yake zuwa. Gida mai tsada, haraji mai kauri, makaranta mai kyau, makaranta mai kyau kuma ta ƙara wa gidan tsada, haka abin ke ta juyawa. Kotun ƙoli ta haramta raba makarantu da launi a 1954, amma a 1973 a shari'ar San Antonio ta ce bambancin kuɗi tsakanin gundumomi bai saɓa wa tsarin mulki ba, a 1974 kuma a shari'ar Detroit ta hana a haɗa yaran cikin gari da na bayan gari a makaranta ɗaya sai an nuna gundumomin bayan garin da hannu a wariyar. An cire allon da ke cewa farare kaɗai, iyakar gunduma ta ci gaba da aikin allon.

Kada kuma a ce duk tsohon zance ne. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, komai iri ɗaya sai suna, masu sunan farare suka samu kira kashi 50 cikin ɗari fiye da masu sunan baƙaƙe. Devah Pager kuma ta tura matasa neman aiki ƙafa da ƙafa a Milwaukee, farin da ya ce ya taɓa zaman gidan yari an kira shi kashi 17, baƙin da takardarsa tas take kashi 14. Na karanta wannan sau uku don na zaci na juya lambobin ne.

Abokin nawa katinsa na ƙarshe 'yan Asiya ne, ya ce su ma ai ba farare ba ne ga shi sun fi kowa. A taswirar gaskiyarsa ne, shuɗi ne kusan ko'ina. Amma da yawansu sun shigo ne bayan dokar shige da fice ta 1965, da digiri a jaka, likitoci da injiniyoyi, ƙasar ta tace ta zaɓa, haka ma baƙin da ke zuwa daga Afirka da karatunsu. Kwatanta wanda aka zaɓo da wanda kakanninsa aka hana su mallakar fili ba awo ba ne. Kuma nan ma wata gazawa ce, taswirar ta cusa Ba'indiye da ɗan Kambodiya ɗan gudun hijira a buhu ɗaya ta ce 'yan Asiya, ta haɗa jikan bayi da ɗan baƙon da ya sauka jiya ta ce baƙaƙe.

Sauran ƙananan abubuwa a gurguje. Turanci ne zalla. A waya za ka sha wahalar zuƙowa, babban allo ya fi, kuma tana son intanet mai ƙarfi. Amurka ce kaɗai. Yaran da aka bi yanzu sun haura arba'in, unguwa kuwa tana canjawa, don haka kada wani ya ɗauke ta kamar hasashen gobe. A unguwannin da mutanen wani launi ba su da yawa za ka ga wurin babu kala, kuma an ɗan jirkita lambobin da gangan don kada a gane mutum, saboda haka kada ka rantse kan bambancin dala ɗari biyu tsakanin layi da layi. Abin da na yaba, ana iya sauke bayanan gaba ɗaya, ɗalibi mai rubuta kundin digiri zai ji daɗin wannan. A 2024 kuma sun ƙara sashe da ya bi waɗanda aka haifa har 1992, inda aka ga giɓin baƙi da fari a gidajen talakawa ya ragu da kusan kashi 30, na farare masu hali da farare talakawa kuma ya ƙaru da kusan haka. Wato abin yana motsi, ba a dutse aka sassaƙa shi ba. Ko gwajin da gwamnati ta yi a shekarun 1990 a birane biyar, da aka ba iyalai takardar tallafin haya ta hanyar ƙuri'a su koma unguwa mai sauƙin talauci, yaran da suka ƙaura kafin shekara 13 sun girma suna samun kusan kashi 31 fiye da waɗanda aka bari.

In ana ba da taurari ne, huɗu cikin biyar zan ba ta, ɗayan na riƙe saboda rashin tarihi da rashin dukiya. Ta dace da ɗalibi, da ɗan jarida, da duk mai ɗan'uwa a can da ke neman unguwar da zai kama haya da yara ƙanana, da kuma masu musu irina. Shi mutumin nawa har yanzu bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne, amma shekaranjiya ƙarfe ɗayan dare ya turo min hoton taswirar garin Charlotte, yana tambaya yaya aka yi garin da ayyuka suka yi ta ƙaruwa a cikinsa ya zo na 50 cikin manyan birane 50 a binciken 2014 wajen damar ɗan talaka ya haye sama. Na ce masa ya buɗe tsohuwar taswirar garin a ɗaya shafin tukuna, in ya gama sai mu yi magana.